Wa ya ce ɗan siri C ba ya waƙa?

Tun daga lise aka raba mu gida biyu. Ɗan siri C ko D shi ne "mai kai", ɗan siri A kuwa mai surutu ne. In ɗan lissafi ya rubuta waƙa sai a ce yana ɓata lokaci, in ɗan adabi ya tambayi yadda taurari ke tafiya sai a ce ina ruwan biri da gada. Ƴan'uwa, wannan katangar ƙarya ce, kuma mu take cuta.

Ku dubi Geoffrey Landis, Ba'amurke, masanin hukumar NASA, an haife shi a 1955. A 1997 ƙaramar motar Sojourner ta sauka a duniyar Mars, shi kuma yana cikin waɗanda suka shirya gwajin auna ƙurar da ke kwanciya kan faifan sola, tana rage masa wuta kullum. Duk wanda ya taɓa share faifan sola a lokacin buji ya san matsalar.

To, wannan mutumin dai shi ne ya rubuta gajeren labari "A Walk in the Sun", wanda ya ci kyautar Hugo a 1992. Wata ƴar sama-jannati ce jirginta ya faɗi a kan Wata. Rigarta da hasken rana take aiki, don haka dole ta yi ta tafiya tana bin rana, in dare ya cim mata ta mutu. Kun gani? Sola a ofis, sola a labari. Lissafin ne ya ba labarin ƙashi, labarin kuma ya sa wanda bai taɓa shiga ajin fizik ba ya ji abin a jikinsa. A 2000 ya fitar da littafin Mars Crossing, a 2009 kundin waƙoƙinsa Iron Angels, kuma bai ajiye aikin bincike ba.

Wani zai ce ai can Amurka ne, suna da kuɗi. Kuɗi na sayen roka, amma rubutu biro da kaye kawai yake so. Kakanninmu sun kalli sama suka ce Zara matar Wata. Lura ce da waƙa a baki ɗaya. Yau ɗalibinmu ya san nisan Zara da Faransanci, amma ba ya iya yi wa innarsa bayani da Hausa. Laifin wa?

Ƴan kimiyya, ku kawo mana rubutunku a fito na gaba. Ƴan adabi, ku je ku zauna ajinsu ko sau ɗaya, ku dawo da kalmomi.