Abin da Ke Kai Mutane Dutsen Osore

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu ilimin boko na cikin ikilisiya. Suna cewa bori da duba da neman matattu 'ya'yan jahilci ne, in aka gina makarantu da asibitoci, aka jawo wutar lantarki, za su mutu da kansu. Maganar tana da daɗin ji, ta kuma ba shugabanni da yawa hutu, gama in jahilci ne kaɗai cutar, to, magani yana hannun gwamnati da malaman makaranta, ba ruwan fasto da dattawa. Duk mai riƙe da wannan ra'ayi ya kamata a ba shi labarin ƙasar Japan.

Japan ba ƙasar jahilai ba ce. Da wuya a sami babban mutum a can wanda bai iya karatu da rubutu ba. Tun 1964 suke da jirgin ƙasa mai gudun fiye da kilomita 200 a awa ɗaya, motocinsu kuwa su ne suka cika hanyoyin Maraɗi da Garwa da Kumasi. Amma a can ƙarshen arewacin babban tsibirinsu, Honshu, cikin lardin Aomori, akwai wani dutse da ake kira Osore. Ma'anar sunan a harshensu ita ce tsoro. Tsohon dutse ne mai aman wuta. Ƙasar wurin fari fat take kamar toka, tururi yana fita daga ramuka, warin farar wuta ya cika iska, a tsakiya kuma akwai tafki mai ruwan tsami wanda ake kira Usori. Mabiya addinin Buda suna da haikali a wurin, bisa ga al'adarsu kuma wani malaminsu mai suna Ennin ne ya kafa shi a shekara ta 862. Mutanen yankin sun gaskata tun kaka da kakanni cewa in mutum ya mutu, ruhunsa can yake tafiya. Kafin a isa haikalin ana wuce wani ɗan rafi da gada, wanda suka ba sunan kogin da suke cewa matattu suna hayewa.

Kowace shekara, daga 20 zuwa 24 ga watan Yuli, ana babban biki a dutsen. Mutane suna zuwa daga birane masu nisa, ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da tsofaffi, su tsaya a layi na awoyi domin su zauna ɗan lokaci kaɗan a gaban wata mace da ake kira itako. Ita za ta tambayi ranar da mamacin ya mutu da dangantakarsa da mai tambaya. Sai ta kama murza wani dogon carbi wanda aka rataya wa haƙoran namun jeji da tsofaffin kuɗi, tana rera kira, har ta fara magana kamar mamacin ne da kansa ya buɗe baki. Masu sauraro su yi ta kuka, su biya, su tashi, na baya ya matso.

Bari mai karatu ya san ko su wane ne waɗannan mata kafin ya yi musu dariya. A da, yawancinsu makafi ne ko masu raunin gani. A ƙauyukan arewacin Japan, inda sanyi da yunwa suka yi yawa a zamanin da, yarinyar da ta makance ba ta da abin yi a gona. Iyayenta sai su kai ta wurin wata tsohuwar itako tun ba ta balaga ba. Ta yi shekaru tana yi wa uwargijiyarta aikin gida, tana haddace dogayen karatu da ka. Kafin a yaye ta, za a hana ta wasu abinci, ta riƙa kwara wa jikinta ruwan sanyi kwana da kwanaki, har ta faɗi a some ta ambaci sunan allahn da ya kama ta, sa'an nan a yi mata biki kamar na amarya, a ce an aurar da ita gare shi. Wato sana'ar marasa galihu ce, hanyar cin abinci ga wadda duniya ta rufe wa kowace ƙofa. Mai bi da ya ji wannan tarihi bai ji tausayi ba, sai ya binciki zuciyarsa.

An gwada hana su da doka. A 1873 sabuwar gwamnatin Japan, wadda take ɗokin kamo Turawa, ta haramta aikin masu kiran ruhohi, ta ce yaudarar talakawa ne. Aikin bai mutu ba, ɓuya ya yi. Abin da doka ta kasa, makaranta da asibiti sun yi rabinsa. Likitoci sun rage cututtukan da ke makantar da yara, daga 1948 kuma aka fara tilasta sa makafin yara a makaranta, suka sami wasu sana'o'i. Yau itako na ainihi sun kusa ƙarewa, 'yan kaɗan ne suka rage. To, a nan masu cewa boko zai kashe kome za su tafa hannu su ce ai ga shi. Su dakata tukuna. Masu sayarwa ne suka ragu. Masu saye suna nan, shi ya sa layin yake da tsawo.

Wata Baturiyar Ingila, Carmen Blacker, malama a jami'ar Kambirij, ta je ta zauna ta saurari matan nan, ta fitar da littafi a kan masu kiran ruhohi na Japan a 1975. Ta lura cewa abin da itako suke faɗa haddatacce ne. Akwai irin maganar da ake yi in uba ne ya mutu, akwai ta yaro, akwai ta wanda ya mutu a yaƙi ko a teku. Mamacin yakan yi baƙin cikin rabuwa, ya gode da hadayun da ake kawo masa, ya yi gargaɗi a yi hankali a wata kaza. Kuma ko daga ina mamacin ya fito, da karin harshen arewa yake magana, irin na ita matar. Masu zuwa ba wawaye ba ne, da yawa sun san haka. Duk da haka suna kuka. Ashe ba labari suka zo nema ba. Uwar da ɗanta ya mutu ba ta sami damar ce masa kome ba tana so a ba ta wuri da lokaci ta faɗi abin da ya tsaya mata a maƙogwaro, wani kuma ya amsa mata cewa ba a riƙe ta da laifi ba.

Ran 11 ga watan Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan, mutum fiye da 15,000 suka mutu, wasu fiye da 2,000 ba a ga gawarsu ba. A garin Otsuci wani mutum yana da ɗakin wayar tarho a lambunsa, wayar ba a haɗe take da kome ba. Ya gina shi ne a 2010 don ya riƙa yi wa ɗan'uwansa da ya mutu magana. Bayan ambaliyar ya buɗe wa jama'a, dubban mutane suka yi ta zuwa suna ɗaga kan waya suna magana da waɗanda ruwa ya tafi da su. Babu itako a wurin, babu carbi, babu mai amsawa. Wannan ya isa ya nuna inda ciwon yake.

Kada fa a ɗauka cewa tausayi ya mai da haram halal. Littafi Mai Tsarki bai yi sassauci a kan wannan ba. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta lissafta mai tuntuɓar matattu tare da boka da mai duba, ta hana jama'ar Allah kusantarsu. Labarin sarki Saul a 1 Sama'ila sura 28 kuwa kamar don wannan zance aka rubuta shi. Saul da kansa ya kori masu kiran matattu daga ƙasar, daidai yadda gwamnatin Japan ta yi. Amma da Sama'ila ya mutu, Filistiyawa suka ja dāga, tsoro ya kama shi, ya nemi Ubangiji bai sami amsa ba, sai ya sake tufafi ya bi dare zuwa Endor wurin macen da ya haramta wa aiki. Mai doka ne ya fara karya dokarsa. Bai kuwa dawo da ta'aziyya ba, ya faɗi ƙasa warwas, ba da daɗewa ba ya mutu a kan Dutsen Gilbowa. Akwai wani abu a ƙarshen surar da masu wa'azi suka cika tsallakewa: matar nan ce ta ga sarki ya wuni ya kwana bai ci kome ba, ta lallashe shi, ta yanka masa maraƙi, ta toya gurasa. Abin kunya ne ga jama'ar Allah a ce wadda aka haramta ce ta lura da yunwar mutum.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga waɗannan al'amura. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da yake zaune a Dutsen Dala, yana shiga wurin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru a shekara. 'Yan bori suna cewa iska ya hau dokinsa. A Japan ma, a wani dutse mai suna Ontake, mai tsawon mita 3,067, akwai ƙungiyoyin masu ziyara da ke zaunar da mutum guda riƙe da sanda mai fararen takardu, a yi ta karatu har sandar ta kama rawa, a ce ruhu ya sauka a kansa, shugabansu ya yi masa tambayoyi. Bambancin shi ne bori ya fi sha'ani da iskoki, itako kuwa da matattun gida. Amma mai zuwa wurinsu iri ɗaya ne ko'ina: mai ciwon da ya ƙi warkewa, matar da ba ta haihu ba, wadda ta binne ɗa.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne yadda wannan sana'a ta sake riga ta shigo cikin masu bi. Yanzu akwai masu kiran kansu annabawa da suke tara mutane a kan duwatsu, suna koyar da cewa addu'ar da aka yi a can ta fi ta cikin ɗaki saurin isa. Hawan dutse don a kaɗaita da Allah ba laifi ba ne, Yesu da kansa ya yi haka sau da yawa. Amma da mace Basamariya ta tambaye shi a Yohanna sura 4 ko a dutsensu ne ko a Urushalima ya kamata a yi sujada, ya kawar da zancen wuri gaba ɗaya, ya mai da shi ga ruhu da gaskiya. Wanda ya ce wani tudu yana da iko na musamman ya koma bayan wannan amsa. Kuma in an duba da kyau, waɗansu annabawan nan sun fi itako ɓarna nesa ba kusa ba. Tsohuwar makauniya ta Osore takan ce wa uwa ɗanta ya gode mata. Shi kuwa annabin dutse sai ya ce wa gwauruwa ruhun mijinta yana fushi, ko ya ce surukarta ce ta cinye yaron, ko kishiya, sai an kawo kuɗin azumi da mai. Gidaje nawa suka watse ta haka, tsofaffi nawa aka kora da sunan maita, kowane dattijon ikilisiya ya san amsar a garinsu.

Masu bi suna da abin da za su ba mai makoki wanda babu shi a Osore. A gefen tafkin nan akwai tarin 'yan duwatsu da 'yan fankokin wasan yara suna juyawa a iska. Iyaye ne suka ajiye su. An koya musu cewa yaran da suka riga iyayensu mutuwa suna bakin kogin matattu suna jera duwatsu, aljanu suna zuwa suna rushewa, har sai wani mai ceto da suke kira Jizo ya zo ya ɓoye su cikin rigarsa. Don haka uwa take ƙara dutse a kan tarin, wai ta rage wa ɗanta aiki. A auna wannan da Dawuda a 2 Sama'ila sura 12. Ya yi azumi yana kwance a ƙasa muddin jaririn yana da rai, da ya mutu kuwa ya tashi ya yi wanka ya shiga sujada, yana sane cewa shi ne zai je wurin yaron wata rana. Mai bi yana da alkawarin tashin matattu, ba ya bukatar ya jera wa ɗansa duwatsu.

To, me ya sa matan ikilisiya suke bin dare zuwa wurin mai duba, ko su hau mota zuwa dutsen annabi? Domin alkawarin nan a ranar jana'iza kaɗai suke jin sa. A ranar ana cika gida, mawaƙa su yi waƙa, a yi wa'azi mai tsawo, a ce mata kada ta yi kuka kamar marasa bege, ko da yake Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Bayan mako biyu an naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. A wata na uku dangin miji sun zo sun kwashe hatsi da gona, dare ya yi mata tsawo, tana ta maimaita a ranta da ta kai yaron asibiti tun ran Talata. In ta faɗa wa wani cewa ta yi mafarki da mamacin, sai a ce mata aikin Shaiɗan ne, ta yi shiru. Mai duba kuwa ba ya gaggawa, yana da tabarma da kunne. Ran da labari ya fito ta je wurinsa, dattawan da ba su taka gidanta ba tun ranar binnewa su ne za su zauna su sa ta a horo, su hana ta cin Jibin Ubangiji wata shida.

Kowace ikilisiya tana da littafin da take rubuta sunayen waɗanda aka binne. Sai dattawa da shugabannin zumuntar mata su buɗe shi a taronsu mai zuwa, su karanta sunayen bara ɗaya bayan ɗaya, a kan kowane suna kuma a tambaya wa ya shiga gidan nan bayan wata na uku, ya kuma daɗe a zaune har mai gidan ta gama magana.