Saƙon da ƙwayoyin sankara ke aika wa juna, da nisan Batsari da asibiti

Idan kemoterafi ya daina cin sankarar mama bayan ya fara rage ƙari, dangin majiyyaciya kan zargi maganin da zama jabu, wasu ma su ce sammu ne. Sau da yawa dalilin yana cikin ƙarin kansa: ƙwayoyin da suka tsira daga zagayen farko suna koya wa 'yan'uwansu yadda za su tsira.

Ɗaya daga cikin hanyoyin koyarwar ita ce ekzosom, wani ɗan ƙunshi da ƙwayar halitta ke fitarwa, wanda faɗinsa bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba. Da aka gano shi a 1983, an ɗauka shara ce kawai ƙwaya ke zubarwa. Sai a 2007 masu bincike a Gotenbog ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa yana ɗauke da saƙon RNA, kuma ƙwayar da ta karɓa tana aiki da shi.

A sankarar mama, ƙunshin na iya ɗauke maganin doksorubisin daga cikin ƙwaya ya fitar da shi waje. Mafi muni, ƙwayar da ta riga ta gagari magani tana aika wa maƙwabciyarta furotin P-gp, wanda tamkar famfo ne mai kwashe magani kafin ya yi ɓarna. Wadda jiya magani ke kashewa, yau ta gagara. Akwai kuma dabarar yaudara: a 2012 wani bincike a Milan ta Italiya ya nuna ƙunsoshi masu ɗauke da furotin HER2 suna tare maganin tirastuzumab a hanya, ya ƙare a kansu bai kai ga ƙari ba.

Galibin wannan ilimi daga ɗakin gwaji ya fito, kuma har yau babu maganin toshe ekzosom da ake bayarwa a asibiti. Abin da ke hannun likita shi ne lokaci. Gwargwadon girman ƙari, gwargwadon yawan ƙwayoyin da za su iya tsira su yaɗa saƙo, kuma tsaiko tsakanin allurai, waɗanda galibi ake yi duk bayan mako 3, dama ce gare su su farfaɗo.

A nan ne maganar ta shafi Batsari da Safana. Matar da ke ƙauyen bakin dajin Rugu sai ta je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ta hanyar da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa, da kuɗin motar da sai an sayar da akuya. Rasa zagaye ɗaya ko biyu ba sakaci ba ne a irin wannan hali.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana neman a gano kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana matakin farko, a tabbatar da ita cikin kwana 60, sannan kashi 80 su kammala magani. Ma'auni na uku shi ne gwamnatin Katsina ta fi iya taɓawa da ƙaramin kuɗi: masauki kusa da asibiti, kuɗin mota a cikin tallafin magani, da ma'aikaciyar lafiya a Batsari da Safana mai riƙe da jerin ranakun allurar kowace majiyyaciya, wadda za ta kira waya ranar da aka ga ba ta zo ba.