Ra'ayinmu: Ingall ba ta ɗumama duniya ba, amma tana da hayaƙin da za ta rage

Idan ana maganar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, hankali kan tafi ga manyan birane masu masana'antu da cunkoson motoci. Da wuya a tuna da Ingall, garin dabino da ke yammacin Agadez, wanda aka fi sani da bikin Cure Salée, inda Abzinawa da Fulani Wodaabe ke haɗuwa da dabbobinsu a ƙarshen damina. Afirka gaba ɗayanta kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na iskar kabon ta duniya, rabon Nijar a ciki kuwa bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka muna ganin ma'aikatar magajin garin Ingall tana da aiki a gabanta. Dalilinmu shi ne, a gari irin wannan duk inda hayaƙi ya tashi, dukiyar talaka ce take ƙonewa: itacen da aka sare, man dizal da aka saya da tsada, ciyawar da gobara ta cinye. Wanda ya rage hayaƙin ya rage asara, ko da babu wata yarjejeniyar Paris ta 2015 da Nijar ta sa wa hannu.

A fara da gobarar daji, don ita ce ta fi taɓa rayuwar makiyayi. Shekarar da aka samu ruwa sosai ciyawa kan cika filayen Irhazer da Azawak. Tana bushewa, guntun taba ko wutar shayin da aka bari ya isa ya tayar da gobarar da iskar hunturu za ta kora nesa. Kabon ɗin da ke cikin ciyawar ya tashi sama, dabbobi kuma su shiga rani babu abinci, mai garke ya sayar da saniyarsa a wulaƙance. Maganin sananne ne: share hanyoyin tare wuta a cikin makiyaya tun kafin ciyawa ta gama bushewa. Ana yin wannan aiki a Nijar, matsalar ita ce sau da yawa ana jiran kuɗin wata ƙungiya har lokaci ya ƙure. Ya kamata ƙaramar hukuma ta ware masa kaso a kasafinta na kowace shekara, ta ɗauki matasan gari da na rugage aikin, ta haɗa kai da shugabannin makiyaya don a san wanda za a kira idan wuta ta tashi.

Sai itacen girki. Mafi yawan gidajen Nijar da itace ko gawayi suke dafa abinci, a ƙasar da bishiya ke shafe shekaru kafin ta yi inuwa. Hana sara da tara kawai ba ya aiki, domin uwar gida ba za ta bar yara da yunwa don tsoron jami'in gandun daji ba. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke samar da iskar gas, amma kuɗin tukunyar farko da nisan wurin cika ta su ne ke hana mutane. Hukumar gari na iya sauƙaƙa wa 'yan kasuwa buɗe wurin sayar da gas, ta taimaka wa ƙungiyoyin mata su sayi tukunya ta hanyar adashi, ta kuma sa maƙera su ƙera murhu mai cin itace kaɗan. Darasi na nan kusa: tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tsiron gawo da sauran itatuwa su girma a gonakinsu, har aka kiyasta an farfaɗo da bishiyoyi kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar. Kare abin da ya tsiro da kansa ya fi dashen ranar 3 ga Agusta da ake ɗaukar hoto a watse, babu mai ban ruwa.

Na uku shi ne dizal da fetur. Injin ban ruwa a lambu, janareta a shago, famfon rijiyar burtsatse, duk mai suke sha, man kuma daga nesa ake kawo shi. Rana kuwa kyauta ce a Ingall. Nijar ta riga ta gwada: tashar hasken rana ta Malbaza ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Ƙaramar hukuma ba za ta gina irin waɗannan ba, amma za ta iya mayar da famfunan ruwa, asibiti, makarantu da fitilun kasuwa kan hasken rana, ta horar da matasan da za su gyara su. Allon sola da ya lalace babu mai gyara, kuɗi ne aka zuba a rairayi.

Akwai abin da ba mu yarda da shi ba. Rahotanni na nuna cewa yawancin iskar da Nijar ke fitarwa daga noma, kiwo da sarar daji take, har wasu na nuna makiyayi da yatsa saboda iskar methane da dabbobi ke fitarwa. Mutumin da ke bin raƙumansa a ƙafa ba shi ya jawo ambaliyar 2024 da ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar nan ba. Ƙasashen da suka ƙona gawayi da mai fiye da ƙarni guda su ne za su biya, kamar yadda aka amince da asusun asara a taron COP27 na Masar a 2022.

Tun watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Tunda babu kansilan da zai yi tambaya, sai jama'a su yi da kansu. Muna kira ga hukumar Ingall ta riƙa bayyana wa mutane, a rediyo da allon sanarwa, kilomita nawa na hanyar tare wuta aka share, lita nawa ta mai aka saya, bishiya nawa ta rayu. 'Yan Ingall da ke Aljeriya, Libiya da Turai su ma suna da rawar takawa: kafin a aiko da kuɗin janareta, a tambayi farashin famfo mai aiki da rana. Kafin a sake haɗuwa a Cure Salée mai zuwa, ya kamata a ji waɗannan alƙaluma daga bakin hukuma.