Ra'ayinmu: Alherin da yaro ke gani, babba na tsallakewa

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne. Amma akwai abin da yaro ke gani a gabansa wanda babba kan tsallake, saboda lissafin riba da faɗuwa ya cika masa kai. Wannan abu kuwa shi ne alherin Allah na yau da kullum.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana a zangon Sokode ya san muryar da ke tashi bayan sallar asuba, wato ta yara riƙe da alluna suna karatu. Wannan murya ba baƙuwa ba ce a garin. Tun zamanin da fatake ke ratsawa da jakuna daga ƙasar Hausa zuwa Salaga sayen goro, ayari kan taho da malaminsa, inda zango ya zauna kuwa makaranta kan biyo baya. Kakanninmu ba su raba fatauci da tarbiyya ba.

To, mu dubi gidajenmu na yau. Maigida zai dawo da yamma yana ƙorafi: ciniki ya ja baya, jami'an duwan sun matsa, kuɗin mota ya hau. Ɗansa ɗan shekara shida kuwa zai sa hannu a kwano da bisimilla, ya tashi da godiya, har ya rage loma ya miƙa wa almajirin da ke bakin ƙofa. Yaron bai san farashin buhun masara ba, amma ya san Wanda Ya ciyar da shi. Tsakanin su biyu, wa ya fi fahimtar yinin?

'Yan'uwanmu na Dapaong sun fi kowa sanin darajar wannan darasi. A watan Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe sojojin Togo 8 a Kpékpakandi, cikin Yuni gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes, sannan a Yuli yara 7 suka rasa rayukansu a ƙauyen Margba, a wani hari da rundunar soja ta amsa cewa kuskurenta ne. Bayan waɗannan, wanda ya ɗauko kaya daga Sokode, ya bi ta Kara da Mango har Cinkassé, ya kuma dawo ya tarar da iyalinsa lafiya, ya kamata ya san ba wayonsa ba ne. Yaran da suka yi masa addu'ar Allah Ya kiyaye hanya da zuciya ɗaya suka yi ta, kuma ran da ya dawo da gudu suke tarbarsa, ba wanda zai tambaye shi nawa ya ci riba.

Abin takaici shi ne, mu da kanmu muke ɓata wannan zuciya. Mu ne ke tura yaro ya ce wa mai bin bashi “ba ya nan”, alhali muna ɗaki. A gabansa muke tauye mudu, mu rantse da Allah a kan kuɗin da ba mu sayo kaya a kai ba. Mu ne kuma ke cire shi daga makaranta don ya tsare rumfa, duk da cewa tun 2008 gwamnatin Togo ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Mun san akwai ɗawainiyar littattafai da tufafi, amma ba ta kai asarar yaron da ya tashi babu allo babu boko ba.

Don haka muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa na Sokode da Dapaong da su tsaya tsayin daka: kada a ga yaro a rumfa lokacin karatu, a riƙa biyan malaman allo haƙƙinsu a kan kari, kuma kada a sa yaro ƙarya saboda ciniki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma iyaye, idan mun rufe rumfa yau, kafin mu ƙirga kuɗi mu tambayi yaranmu abin da suka gode wa Allah a kai. Amsarsu za ta tuna mana abin da muka manta. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu zaman lafiya, amin.