Mutum-mutumi a Ɗakin Tiyata: A Kan Gwiwar Wa Za a Koya?

Duk wanda ya ji an ce mutum-mutumi na dashen gwiwa, sai ya zaci likita ya koma gefe ya naɗe hannu. Sunan ne ke ruɗin jama'a. Na'urar Mako, wadda kamfanin Stryker na Amurka ya mallaka a 2013, ba ta yanka da kanta. Ana fara ɗaukar hoton ƙashin majiyyaci, a tsara aikin a kwamfuta, sannan likita ya riƙe zarton da hannunsa, ita kuwa na'urar ta hana shi ƙetare iyakar da aka shata.

Dalilin ƙirƙiro ta a fili yake: kusan mutum 1 cikin 5 da aka yi wa dashen gwiwa ba ya gamsuwa da sakamakon. Wani bincike da likitoci suka wallafa daga Landan a 2019 ya nuna cewa ƙwararren likita na buƙatar tiyata 7 kafin hannunsa ya faɗa, saurinsa ya daidaita, ko da yake tun daga ta farko ƙarfen na zama daidai inda aka tsara.

Abin tambaya a nan shi ne, su wane ne waɗannan mutum 7? Ba a kan maraya ya kamata a koyi aski ba. Haƙƙin majiyyaci ne a gaya masa sau nawa likita ya taɓa aiki da na'urar, kuma wane gwani ne zai tsaya a kansa. Jamus ta ɗanɗana kuɗarta: asibitocinta sun rungumi na'urar Robodoc wajen dashen ƙugu, daga baya ƙorafi da ƙararraki suka sa aka jingine ta.

Akwai kuma fargabar tasowar likitocin da ba su iya aikin da hannu ba. Ranar da na'ura ta tsaya ana tsakiyar tiyata, wa zai ƙarasa?

Wannan batu ya shafe mu, ganin yadda dattawanmu ke tururuwa zuwa Indiya da Masar neman sabuwar gwiwa. Muna kira ga hukumomin lafiya da su fifita horar da likitoci a cibiyoyi irin su Asibitin Ƙashi na Dala kafin a yi zancen sayen na'ura. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.