Kasuwancin "kawo mutum ka ci riba": ina doka ta ja layi?

A watan Yulin 2024 hukumomin Burkina Faso suka haramta ayyukan QNET, kamfanin da ke da cibiya a Hong Kong. Kamfanin yana musanta zargin damfara, yana cewa wasu ɓata-gari ne ke fakewa da sunansa. Wannan taƙaddama ta shafi matasan Maraɗi da Damagaram da ake kira taro a ce su sayi kaya masu tsada, sannan su kawo ƴan'uwa.

Sayar da kaya daga hannu zuwa hannu, ba tare da kanti ba, ba laifi ba ne. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne inda kuɗin ke fitowa. In ribar mai talla ta fito daga masu sayen kaya don amfaninsu, ciniki ne. In ta fito daga kuɗin shigar sababbin mutane, damfara ce, ko da an haɗa da agogo ko magani.

A kan wannan ma'auni hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta wanke Amway a 1979, saboda kamfanin na karɓar kayan da suka yi kwantai, yana kuma tilasta sayarwa ga mutanen waje. A 2016 Herbalife ya biya dalar Amurka miliyon 200, aka kuma sa ya sake tsarin biyan ladarsa. Faransa ta haramta irin wannan tsari tun 1953.

Lissafin ma ba ya ɓoyuwa. In kowa zai kawo mutum 6, a hawa na 10 ana buƙatar mutum sama da miliyon 60, fiye da ninki biyu na al'ummar Nijar. A adashe kuɗi na zagayawa ya dawo wa kowa. A nan na ƙasa ne ke ciyar da na sama, har ranar da sababbin shiga suka ƙare.

Shi ya sa takardar RCCM ko lambar NIF da masu tallar ke ɗagawa ba hujja ba ce: rajista kawai ke nunawa. Dokar da za ta yi aiki ita ce wadda ke hana biyan lada kan kawo mutum, ta wajabta karɓar kayan da suka yi kwantai, ta kuma sa kamfani ya bayyana abin da mafi yawan masu tallarsa ke samu. Kafin nan, duk wanda ke shirin sayar da gona ko babur ya tambaya: in ban kawo kowa ba, nawa zan samu?