Sanƙarau da talauci: waɗanda lissafi bai gani ba



Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da ake zaton sun kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi jin jiki. To amma wa aka ƙidaya? Wanda ya iso likita. Yaron da ya cika a bisa amalanke, ko a rugar da babu hanyar mota, sau da yawa ba ya shiga takarda.

Shi ya sa wasu masu bincike ba su tsayawa ga lissafi. Cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, aikinta ke nan: zama da uwaye da ma'aikatan likita, a saurari bakinsu, a ga yadda abin ke tafiya. Da suka bibiyi magani kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara 5, wanda gwamnati ta ƙaddamar a 2006, sun tarar kuɗin da ya kamata a mayar wa likitoci na daɗewa bai zo ba, magani ya ƙare, a miƙa wa uwa takarda ta je ta sayo.

Mu nan mun san sauran labarin. Daga ƙauyukan Kelle ko Bune, kafin a ga likita sai an biya kabu-kabu. Maigida ya tafi cirani, ita kuma ba ta fita sai da izini. Mai hali ya kai ɗansa ran farko, marar hali ya jira kwana uku yana gwada jiƙo. Ciwo ɗaya ne, amma sanƙarau ba ya jira.

Don haka mu daina cewa jahilci ne kawai. 'Yan uwa da ke Kano, Libiya ko Aljeriya, in kun aiko kuɗi ku ware na mota daban, ku kuma bar izini tun yanzu: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, a tafi likita nan take. Masu bincike kuwa in sun zo, mu faɗa masu gaskiya, don ɓoye ciwo ba ya maganinsa.

Allah ya ƙara mana lafiya.